Gida Kusa da Kasuwa ko Babban Titi: Yadda Za Ka Auna Darajarsa Kafin Ka Biya

Idan dillali ya ce maka "Alhaji, nan ba da jimawa ba kasuwa za ta zo nan," rabin maganar ya faɗa. Kasuwa da babban kanti da titi mai hada-hada suna ɗaga kuɗin ƙasa, amma sau tari suna rage daɗin zama. Mai haɗa waɗannan biyun a lissafi ɗaya shi ke tafka asara. Saboda haka ka fara yanke wa kanka hukunci: gidan da iyali za su zauna kake nema, ko wanda za ka fasa katangarsa ka fitar da shaguna?

Daga nan sai matsayin gidan. A Kano, akasarin gine-ginen bakin titin Zoo Road sun koma shaguna da ofisoshi, kuma mai saye a wurin fuskar titi yake saye, ginin kansa sau da yawa rushewa za a yi. Gidan da ke layi na biyu ko na uku, tafiyar minti biyar zuwa goma a ƙafa, shi ke cin moriyar kusanci ba tare da hayaniya ba, kuma shi masu haya da iyali suka fi nema. Wanda ya fi kowa shan wahala shi ne gidan da ke manne da bayan kasuwa ko kanti. Ba shi da fuskar titi balle ya yi shago mai tsada, amma a ƙofarsa ake ajiye motoci, nan ake sauke kaya, nan janareto ke kwana yana ruri, nan bola ke taruwa. Irin wannan gida ka rage masa kuɗi komai kyansa, sai dai in sito kake niyyar mayar da shi.

Ka bambance irin kasuwar. Kanti mai filin ajiye motoci nasa, kamar Ado Bayero Mall da aka buɗe a 2014, yana haɗiye yawancin motocin masu zuwa. Kasuwar sari irin Singa ko Kwari ko Dawanau kuwa tirela take jawowa da 'yan dako da masu kura, sai lungunan kewaye su zama wurin lodi. Tirela tana farfasa kwalta da murfin kwata, ta toshe layi na awanni. Kada kuma ka ɗauka abin da ke kawo jama'a yau zai dawwama. Kamfanin sayar da kayayyaki na Shoprite ya rufe reshensa na Ado Bayero Mall a Janairun 2024, kuma a shekarar ce aka matsa wa masu sarin magani na Sabon Gari su koma Dangwauro a hanyar Zariya. Idan 'yan kasuwa suka tashi, kuɗin hayar sito da shago na biye da su.

Zuwa ɗaya ba ya isa, musamman zuwan da dillali ya zaɓa maka lokacinsa. Je da safe tsakanin ƙarfe 7 da 8, ka koma daga la'asar zuwa magariba, ka sake komawa bayan isha'i. Kowane zuwa, ka tsaya minti goma a ƙofar gidan ka ƙirga manyan motoci, ka duba ko 'yan adaidaita sahu sun mayar da layin hanyar kauce wa cunkoso. Wannan na ƙarshen mutane ba su cika lura da shi ba, alhali shi ke hana yara wasa a ƙofar gida. Fita da mota daga gidan zuwa babban titi ka duba agogo. Idan akwai shingen kankare a tsakiyar titi, auna nisan da za ka yi kafin ka samu wurin juyawa. Gadar sama ma haka take: tana sauƙaƙa wa mai wucewa, amma shagunan da ke ƙarƙashinta sukan rasa masu saye domin motar ta bi ta samansu.

Ƙara kuwa ana iya auna ta da manhajar waya. Shiga ɗakin kwana da dare, ka buɗe taga kamar yadda za ka yi lokacin zafi, ka duba. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2018 ta ba da shawarar ƙarar motoci da dare kada ta haura desibel 45 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin ƙara). Nisa kaɗai ba ya rage ƙarar titi da sauri, ninka nisan yana rage kimanin desibel 3 ne kacal. Abin da ke tare ta sosai shi ne jerin gine-gine tsakaninka da titin.

In da hali ka ga wurin a watan Agusta. Babban gini da filin mota da aka shafe da kankare ba sa shan ruwa, sai su turo shi layin da ya fi gangara. Duba gindin katanga ko akwai zanen ruwa, ka tambayi maƙwabta da mai unguwa, ka lura ko an yi wa titin ciko har ya fi tsakar gidan tudu.

Batun takardu ba ya son gaggawa. Bincika fayil ɗin filin a KANGIS, hukumar adana bayanan filaye ta Jihar Kano, ka je KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar, ka ga tsarin unguwar da duk wani shirin faɗaɗa titi. A titin Gwamnatin Tarayya, mita 45.72 daga tsakiyar titi zuwa kowane gefe haƙƙin hanya ne, wato filin da aka keɓe wa titin, ka sa safiyo ya auna maka. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ba gwamna ikon soke mallaka domin amfanin jama'a, kuma diyyar ta abin da aka gina ce ko aka shuka, ba farashin fili na kasuwa ba. Fili na zama ba ya zama na kasuwanci sai da izinin sauya amfani. Rusau ɗin da aka yi a Filin Idi da tsohon otal ɗin Daula a 2023 ya isa dalilin bin asalin kowane fili da ya taɓa zama na gwamnati ko na jama'a. Kasuwar da ake cewa "za a yi" kuma, nemi ganin izinin gininta da aikin da aka fara a ƙasa kafin ka ƙara ko kwabo dominta.

Sai lissafi. Tambayi masu haya uku ko huɗu a layin abin da suke biya, daga bakinsu, domin la'adar dillali tana hawa ne da hawan farashi. Raba kuɗin gidan da hayar shekara. Misali, gidan naira miliyan 40 da ke kawo miliyan 2 zai ɗauki shekara 20 kafin ya mayar da kuɗinsa, ban da gyara da watannin da zai zauna babu kowa. Yi wannan lissafin ga gida makamancinsa da ke nesa da kasuwar. Idan na kusa ya fi tsada amma hayarsu ɗaya, ƙarin kuɗin na tsammani ne kawai, kuma kai za ka ɗauki kasadarsa.

Wanda kuma kasuwa ta riga ta iske shi a gidansa, kada ya yi saurin fasa shaguna. Shago yana buƙatar mitar wuta tasa, da banɗakin da ba na cikin gida ba, da ƙofar iyali a ɗaya ɓangaren. Idan fulotin bai isa a raba haka ba, gidan zai rasa sirrinsa, mai neman gidan zama ya guje shi, hayar shago biyu kuma ba za ta cike wannan giɓin ba. A irin wannan hali gara a sayar da shi ɗungurungum ga ɗan kasuwa, a sayi wani a layi na uku.