Yadda ake rubuta labarin matasa a kan ƙawancen da ya watse a Zangon Kumasi

Da farko, ka ƙulla ƙawancen sosai kafin ka kwance shi. Mai karatu ba ya jin zafin rabuwa sai ya ga abin da za a rasa. Ka nuna yaran biyu a layin mai koko a unguwar Aboabo, suna wanke allo tare a makarantar malam, suna kwana ɗaki ɗaya ranar da iyaye suka tafi biki. Babi uku sun isa.

Mataki na biyu, nan aikin yake: me ya raba su? Sababbin marubuta saurayi suke jefawa tsakani, kuma an gaji da shi. A Gana akwai abin da ya fi saurayi ƙarfi, wato jarrabawar BECE, ta kammala ƙaramar sakandare, a ƙarshen aji uku (JHS 3). Kwamfuta ce ke rarraba ɗalibai makarantun babbar sakandare bisa sakamakonsu da zaɓin da suka cike. Ɗaya ta sami makarantar kwana a garin Cape Coast, ɗayar aka bar ta jeka-ka-dawo, da yamma tana taya uwarta ciniki a kasuwar Kejetia. Tunda aka fara babbar sakandare kyauta a 2017, 'yar talaka ma tana ɗaukar akwati ta tafi, don haka ba sai ka mai da ɗaya 'yar mai kuɗi ba. Ka kuma tuna ba a barin ɗaliban kwana su riƙe waya. Watanni ke nan babu WhatsApp, kowace na zargin an manta da ita.

Na uku, kada ka yi mugu a labarin. Wadda ta tafi ta dawo hutu da Turanci a baki, ba da gangan ba. Wadda ta zauna ta fara baƙar magana saboda kunya.

Sai ka bar ɓarakar ta fito a ƙananan abubuwa. Ankon Sallah da a bana ba su ɗinka tare ba. Uwa ta ce, "Ke, ina 'yar'uwarki kwana biyu?" yarinya ta ce, "Tana nan, Mma," ta wuce ɗaki.

Wajen ƙarewa, kada ka tilasta sulhu. Zango ƙarami ne, dole su haɗu a suna ko zaman makoki, su gaisa kamar kowa. In ka gama, ka ba 'yan shekara 15 su karanta, ka gyara duk maganar da suka ce ba haka suke faɗa ba.