Yadda Za Ka Gane Ko Abu Ya Yi Kyau Ne Ko Kai Ne Kawai Kake Son Sa

Duk sanda gardama ta kaure kan wace waƙa ta fi ko wane zane ya fi kyau, sai ka ji wani ya kashe bakin kowa da "ai kowa da ra'ayinsa." Ni wannan maganar ba ta isar mini. Ga yadda nake bi.

Ka fara da sauraron bakinka. "Waƙar nan ta burge ni" daban, "waƙar nan ta tsaru" daban. Immanuel Kant, masanin falsafa Bajamushe, ya raba su a littafinsa na 1790. Ta farko labarin zuciyarka ce, babu mai ikon musa maka. Ta biyu kuwa, kana neman kowa ya yarda da kai ne. Wanda ya furta ta biyu ya ci bashi, kuma sai ya biya.

Biyan shi ne ka nuna wurin. Kada ka tsaya kan "wallahi akwai daɗi." Mayar da waƙar baya, ka ce wa abokinka: ji nan, inda kiɗa ya ɗauke gaba ɗaya, mawaƙin ya ja numfashi, ya bar muryarsa ita kaɗai kafin amshi ya faɗo. In zane ne, kai yatsa kan gefen fuskar da haske ya sauka, ka nuna yadda aka bar ɗaya gefen cikin duhu. Amma fa kada ka zaci hujja za ta tilasta shi. Kant ma ya ce ba a tabbatar da kyau kamar lissafi. Naka dai ka sa shi ya duba da idonsa.

Sai ka juyo kan kanka, nan ne wuyar take. David Hume, masanin falsafa na Skotland, a rubutunsa na 1757, ya lissafa abin da mai hukunci nagari yake bukata: kaifin ji da gani, yawan yi, kwatantawa, rabuwa da son zuciya, da hankali. A wurina kwatantawa ce uwa. Wanda waƙa goma ya taɓa ji a wani salo, ba shi da bakin cewa ga wadda ta fi duka. Son zuciya kuwa, an ce so hana ganin laifi. Tambayi kanka: da wanda na tsana ne ya yi wannan aikin, zan yabe shi? Sannan wa ya koya mini son irinsa? Pierre Bourdieu, masanin zamantakewa Bafaranshe, a bincikensa kan Faransawa da ya fito a 1979, ya nuna yadda abin da mutum ke kira kyau yake bin karatunsa da gidan da ya tashi.

Ka kuma ba abin lokaci. Sake sauraro bayan wata guda, lokacin da yayi ya lafa. Hume ya kafa misali da Homer, mawaƙin Girka na zamanin da, wanda aka so a Atina da Rum tun wancan zamani, aka kuma ci gaba da so a Faris da Landan.

In abokinka ya ga duk abin da ka nuna, ya yarda akwai gwaninta, amma ya ce shi dai wancan ya fi kwanta masa, rabu da shi. Hume kansa ya bar wannan ƙofar a buɗe: ya ce cikin marubutan Rum na da, ɗan shekara 20 na iya fifita Ovid, a 40 ya koma Horace, a 50 wataƙila Tacitus, kuma babu wanda za a zarga a cikinsu.