Yadda na gyara hawan SWR a eriyata ta farko

Da na ɗaura eriyata ta farko, dipole (waya mai hannu biyu masu tsawo ɗaya) ta zangon rediyo na mita 40, sai ma'aunin SWR (awon da ke nuna yadda eriya ta dace da rediyo, 1:1 ne mafi kyau) ya nuna 4:1, rediyon kuma ya riƙa rage ƙarfin da yake fitarwa domin ya kare kansa. Rediyon na fara zargi, amma da na cire eriyar na jona masa dummy load (na'urar gwaji da ke maye gurbin eriya) mai ohm 50, awon ya sauko kusan 1:1, na tabbata laifin yana waje.

Na bi kebul ɗin coax da ke haɗa rediyon da eriyar har sama, na tarar ruwan sama ya shiga mahaɗin PL-259 da ke bakin kebul ɗin saboda ban naɗe shi ba. Na yanke wurin da ya jiƙe, na sa sabon mahaɗi, na rufe shi da tef mai hana ruwa.

Awon ya ragu, sai dai ya fi kyau a ƙasan zangon fiye da samansa, alamar wayar ta yi tsawo. Na raba 143, lambar da ake lissafin tsawon dipole da ita, da megahaz 7.1 da ke cikin zangon, na sami kimanin mita 20.1, tsawon da ya kamata wayar ta kasance, sannan na riƙa lanƙwasa santimita 10 a kowane gefe, wanda ya fi yankewa aminci ga sabon shiga, har awon ya tsaya a 1.3:1.