Yadda na rabu da yashi-yashin da ke ɓata min hotunan dare

'Yan uwa masu ɗaukar hoton biki a Agege da Idi-Araba, in hotonku na dare yana fitowa da ɗigo-ɗigo kamar an watsa masa yashi, musamman a wurin duhu, to ba datti bane a lens, kar ma ku wahalar da kanku da gogewa.

Matsalar ƙarancin haske ce. In NEPA ta ɗauke wuta aka koma ɗan ƙwan janareta, kyamara tana kan auto sai ta ɗaga ISO da kanta har 6400, shi kuma ISO ba haske yake ƙarowa ba, ɗan hasken da sensa (ɓangaren da ke karɓar haske a cikin kyamara) ta samu yake ƙara wa ƙarfi, to har da tarkacen lantarkin da ke ciki duk sai su taso tare. Ƙaramar sensa irin ta waya ta fi shan wahala, haka in kyamara ta yi zafi don daɗewa tana aiki.

Abin da na yi, na kafe ISO kar ya wuce 1600, na samo lens 50mm f/1.8 na hannu a Computer Village da ke Ikeja saboda yana buɗewa sosai haske ya shiga, sai filasha da nake harbawa silin in fari ne. Wallahi wannan kaɗai ya kashe yawancin matsalar. Kuma kar ka ɗauka da duhu ka ce za ka haska a kwamfuta, nan ne yashin ke fitowa sosai.

Ragowar yashin kuma, ina ɗauka a RAW (ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba) in rage shi a manhajar gyaran hoto ta Lightroom, amma kaɗan fa, in ka cika fuskar amarya sai ta koma kamar roba.