Yadda zaka gwada ko 'ya'yan itace suna kashe bakteriya da fangas

Masu furojet a kan tsirran magani, aikin nan ba wani wuya gareshi ba amma akwai inda ake yawan zamewa. Ka samu 'ya'ya masu kyau, irinsu bagaruwa, tsamiya ko ɓawon rumman. Bagaruwa da rumman cike suke da tanin, wato abin nan mai bauri da ke ɗaure baki, shine yake kama furotin ɗin ƙwayar cuta ya hanata sakat. Ka wanke ka shanya a inuwa, banda rana don zafi na lalata wasu sinadaran, in ya bushe ƙayau ka daka.

Sai ka jiƙa giram 100 na garin a mililita 500 na etanol, kwana 2 zuwa 3 kana girgizawa, ka tace da takardar Whatman lamba 1 ka busar da ruwan a zafin da bai wuce digiri 40 ba. Ɗan danƙon da ya rage shi zaka narkar a DMSO, wani ruwan sinadari na lab mai narkar da abubuwa.

Bakteriya irinsu Staphylococcus aureus da E. coli a kan Mueller-Hinton ake shukasu, wato abincin ƙwayoyin cuta mai kama da jeli da ake zubawa a faranti, fangas kamar Candida albicans kuma nasu abincin Sabouraud ne. Daidaita kaurin ƙwayoyin zuwa 0.5 McFarland (ma'aunin yawan ƙwayoyi a ruwa), ka shafe farantin tas dasu, ka huda ramuka na milimita 6 ka ɗiga abin da ka narkar. Farantan bakteriya ka ajiyesu a digiri 37 awa 18 zuwa 24, fangas kuwa sai an yi haƙuri, kwana 2 ko 3. Filin da ya fito wasai kewaye da ramin, inda ƙwayoyin suka kasa tsiro, shi zaka auna da rula.

To ga inda nake so a tsaya, dole rami ɗaya ya zama na ciprofloxacin (sanannen maganin bakteriya), ko fluconazole (maganin fangas) in Candida ce, ɗaya kuma DMSO zalla, in ba haka ba wallahi baka san ko itacen ne yayi aikin ko abin da ka narkar dashi ba. Tsamiya ma sai ka duba pH ɗinta, wato ma'aunin tsaminta, tsami kaɗai yana iya hana bakteriya tsiro kaga kayi murnar banza. Kar ka damu in filin E. coli ya fito ƙarami, tana da ƙarin fata a waje mai hana abu shiga.

Ka maimaita sau 3, farantan kuma a sasu a otokilab (tukunyar tururi mai kashe ƙwayoyin cuta) digiri 121 minti 15 kafin zubarwa, a lab ake wannan ba a ɗaki ba. Kuma fili a faranti ba izinin a jiƙa a sha bane, saura gwajin MIC (mafi ƙarancin adadin da ke hana ƙwayar tsiro) da na guba.