Yadda ake bin sawun mutanen farko na yankin Toronto

Wanda zai binciki tarihin 'yan asalin ƙasa a yankin Toronto, birnin da ke arewacin tafkin Ontario a Kanada, sai ya fara ajiye taswirar yau a gefe. Bakin ruwan da ake gani yanzu ba shi mutanen farko suka sani ba, kuma yawancin kurakuran masu bincike daga nan suke tasowa.

A nemo tsofaffin gaɓoɓin tafkin tukuna. Da ƙanƙarar da ta taɓa rufe yankin ta janye, kimanin shekara 13,000 da suka wuce, ruwan ya fi na yau tudu nesa ba kusa ba. Gangaren da ke bin titin Davenport, wanda ginin Casa Loma ke zaune a kansa, gaɓar wancan tafki ce. Daga baya ruwan ya samu mafita ta kwarin St. Lawrence, ya ja baya har gaɓar ta koma kilomita da dama kudu da inda take yanzu. Mafarautan da suka zauna a bakin ruwa kimanin shekara 11,000 da suka wuce, sansanoninsu da yawa suna ƙarƙashin tafki a yau. Saboda haka ƙarancin kayan tarihi na wancan zamani ba ya nufin ƙarancin mutane. Titin Front ma shi ne bakin ruwa a farkon ƙarni na 19. Abin da ke kudu da shi ciko ne, ɓata lokaci ne neman tsohon mazauni a can.

Sai koguna. A zana Humber da Don da Rouge da Credit, a ƙara da ƙoramun da aka binne cikin magudanan birni, irin su Garrison da Taddle. Ƙa'idar binciken kayan tarihi ta lardin Ontario tana ɗaukar duk filin da ke cikin mita 300 daga ruwa a matsayin wurin da ake sa ran samun wani abu, kuma da tsohon ruwa ake lissafin, ba na yau kaɗai ba. A kan wannan zane a ɗora hanyar ƙafa mai tsawon kusan kilomita 45 da ta tashi daga bakin Humber zuwa kogin Holland, ta kai matafiyi tafkin Simcoe. A kula da tarko guda: a taswirorin Faransawa na ƙarni na 17, sunan Taronto na tafkin Simcoe ne, ba na wurin da birnin yake ba.

Daga nan aikin ya koma kan rahotannin tono. Masara ta iso kudancin Ontario wajen shekara ta 500, a hankali wake da kabewa suka biyo, kakannin al'ummar Wendat suka kafa ƙauyuka masu dogayen gidaje na itace da ɓawon bishiya. Ƙauye yakan tashi bayan shekara 10 zuwa 30, idan ƙasa ta gaji kuma itacen wuta ya yi nisa. Don haka kufai biyar a kan kogi ɗaya suna iya zama al'umma ɗaya ce da ta yi ƙaura sau biyar. Wanda ya haɗa jimillarsu ya ce ga yawan jama'a, ya ninka lissafi ba gaira ba dalili. A bi su a jere, daga bakin tafki zuwa arewa. Misali mafi kyau shi ne na rafin Duffins: kufan Draper a Pickering, sai Spang, sai Mantle a Stouffville, inda aka gano sawun dogayen gidaje 98.

Ga mai duba hotunan tono, gidan ba ya fitowa da bango. Abin da ake gani tabo ne baƙi-baƙi, zagaye, faɗinsa bai kai tafin hannu ba, inda turke ya ruɓe cikin ƙasa mai haske. Tabon suna jere layi biyu, da jan ƙonannen wuri a tsakiya inda murhu yake. Idan layuka sun hau juna, an sake gini ne ko an ƙara wa gidan tsawo.

Shekaru su ne inda ya kamata a fi taka-tsantsan. An daɗe ana cewa Mantle na tsakanin 1500 da 1530 ne, bisa salon tukwane da kuma ƙarancin kayan Turawa. A 2018 sabon awon kabon, wato awon da ke gano shekarun abu, da aka yi kan ƙwayoyin masara ya matsar da shi zuwa ƙarshen ƙarni na 16 da farkon na 17. Dalili kuwa, tsakanin wajen 1480 da 1630 awon kabon yakan ba da amsa biyu ga samfuri ɗaya. Gawayi kuma yana ruɗi, domin bishiyar tana iya girmar wutar da shekara ɗari. Masara kuwa ta damina ɗaya ce. Duk shekarar da aka gani a littafi, a tambaya yaushe aka auna, kuma a kan me.

Kada a cuɗa al'ummomi wuri ɗaya. A farkon ƙarni na 17 Wendat suka gama komawa arewa, kusa da Georgian Bay. Yaƙin 1649 zuwa 1650 ya tarwatsa su, zuriyarsu suna Wendake kusa da birnin Quebec. Daga shekarun 1660 al'ummar Seneca suka kafa ƙauyen Teiaiagon a kan Humber, inda unguwar Baby Point take, da Ganatsekwyagon a kan Rouge. Kafin 1700 Mississauga, masu harshen Anishinaabe, sun karɓi yankin. Su ne Birtaniya ta ƙulla cinikin filin Toronto da su a 1787, aka sake ƙulla shi a 1805 kan sule 10 na fili sama da eka 250,000, rigimar da sai a 2010 aka sasanta kan dalar Kanada miliyan 145. Rubuce-rubucen limaman Katolika na ƙungiyar Jesuit suna da amfani, amma idon baƙo ne mai neman tubabbu, kuma a arewa suka zauna. Abin da suka faɗa a gwada shi da tarihin baka da waɗannan al'ummomi ke riƙe da shi. Suna raye, suna da ofisoshin da ke amsa irin waɗannan tambayoyi.

Tono kuwa ba na kowa ba ne. Dokar kayan gado ta Ontario ta hana tono ko ɗaukar kayan tarihi ba tare da lasisi ba, ko da a bayan gidanka ne. Masu lasisi suna haƙa ramukan gwaji masu faɗin santimita 30, mita 5 tsakani, su tankaɗe ƙasar da rariya mai ido milimita 6. Wanda ya tsinci kan kibiya ya bar shi inda yake, ya ɗauki hoto da wani abu a gefe don nuna girma, ya rubuta wurin, domin da zarar ya shiga aljihu rabin bayaninsa ya tafi. Idan ƙashin mutum ne, a dakatar da aiki nan take a kira 'yan sanda. A Tabor Hill da ke Scarborough, motar haƙa ce ta buɗe kabarin taro na kusan mutum 500 a 1956, kuma sai a 2013 aka mayar da ƙasusuwan kakannin Wendat sama da 1,700, waɗanda suka shekara da shekaru a Jami'ar Toronto, aka sake binne su kusa da Kleinburg.