In an zo auna ƙasa za a faɗaɗa dam

Ina yaro aka gama dam ɗin Tiga a 1974, kuma har Baba ya koma ga Allah bai daina ambaton ɗorawoyinsa da ruwa ya ci ba. Ranar ƙidayar biyan diyya yana kasuwa, ba a rubuta su ba. Shi ya sa in na ji ana zancen ƙara wa wani dam girma, nakan ce a ajiye gardama tukuna, a ɗauko littafi.

Tun masu awo ba su iso ba, zagaya gonarka da biro. Ɗorawa nawa, kuka nawa, tsamiya, mangwaro, rijiya, rumbu. Ka ɗau hoto a waya, dagaci ya sa hannu. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasa a hannun gwamna, diyya kuwa a kan abin da ke bisa ƙasar ake biya: shuka, itatuwa, gini.

Daji ya fi ba ni tausayi. Gona tana da mai ita, daji kowa na ci, ba mai tsaya masa. Ku zauna da ardo, da mata masu daddawa, da masu zuma da masu saiwa, kowa ya faɗi abin da yake samu a ciki, a rubuta. Ku zana inda burtali ya bi, don ranar da ruwa ya shanye shi, ta cikin dawarka shanu za su ratsa. Kada a manta maƙabarta.

Dokar 1992 ta wajabta a binciki illar babban aiki ga muhalli, a baje rahoton kwana 21 na aiki jama'a su duba. Ku tura ɗalibi mai jin Turanci ya karanto. Ƙorafi a rubuce, a buga hatimi a kwafinku.

A wurin taro kada ku ɗauki manoman rani abokan gaba. Da ruwan Tiga mutanen Kura da Kadawa ke noman tumatir da shinkafa. Amma ku gayyato waɗanda ke zaune ƙasa da ku a gaɓar kogin, don mutanen Haɗejiya sun ga yadda fadama ta ja baya, ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa, bayan an gina dam ɗin Tiga da na Challawa.

Ku tambayi injiniya: Ranka ya daɗe, an gwada yashe dam ɗin kafin a ce za a ci daji? Sannan ya kafa turaku daidai inda ruwa zai tsaya a Satumba, ku bi su da ƙafa, ku da dagaci.